Yadda za ka gane kukan ɓeran Masar da abin da yake nufi

Masu kiwon ɓeran Masar sun sha yi mini tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban. Wani ya ce nasa yana kuka kamar fito da zarar ya ji motsin ƙofa, ko lafiya? Wata ta ce nata suna kaɗa haƙora, ko sanyi suke ji? Wani kuma ya ce namijin yana gurnani yana zagaya macen, ya raba su ko ya ƙyale? Dabba ce mai surutu, kuma surutun ba na banza ba ne. Sai dai kunne kaɗai ba ya wadatarwa. Sauti guda yana iya nufin jin daɗi yanzu, an jima kuma ya nufi "sake ni". Abin da ke bambanta su shi ne yanayin jikin dabbar da abin da ya faru kafin ta yi kukan. Saboda haka a jere matakan nan suke, kada gaggawar sanin ma'anoni ta sa ka tsallake biyun farko.

Kayan da za ka tanada

Wayar hannu mai ɗaukar bidiyo, ƙaramin littafi da biro, tsohon tawul, da faffaɗan kwali mai kauri. Duk waɗannan da wuya a rasa su a gida. Abin da zai ci kuɗi shi ne sikelin kicin mai nuna gram, irin wanda masu yin kek ke amfani da shi, kuma ya cancanci kuɗinsa, za ka ga dalili a gaba. Sai lambar likitan dabbobi mafi kusa da kai. Ka neme ta tun dabbar tana lafiya, domin ranar da za ka buƙace ta ba za ka sami sukunin yawon tambaya ba.

1. Ka bari ya saba da gidan

Ɓeran Masar da aka kawo jiya daga kasuwa ba zai yi maka magana ba. Zai maƙale a lungu, ya sandare, ko ido ba ya ƙiftawa. A dawa kowa farautar danginsa yake yi, don haka shiru da daskarewa su ne makaminsa na farko. Ka ba shi mako ɗaya zuwa biyu. Ka aje kejin inda babu hayaniya, ka sa masa maɓoya, ko da kwali ne aka huda masa ƙofa biyu, ka riƙa kawo abinci a lokaci ɗaya kullum kana yi masa magana a hankali. Ka hana yara ɗaukarsa a kwanakin nan, duk da na san wannan shi ne mafi wuya a cikin umarnin.

Gargaɗi: guda ɗaya tilo ba ya sakin jiki yadda ya kamata. Dabbar garke ce, kuma yawancin sautukan da za ka koya a tsakaninsu suke yin su. Ka haɗa mata biyu, ko maza biyu da suka taso tare. Idan ka haɗa mace da namiji, to ka shirya wa 'ya'ya. Biyu suna buƙatar fili aƙalla santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi, kuma kowanne da maɓoyarsa. A matsattsen keji, abin da za ka riƙa ji faɗa ne kawai.

2. Ka san muryarsa ta lafiya

Sun fi kuzari da sassafe da kuma yamma liƙis, don haka bayan sallar Asuba da gab da Magariba su ne lokutan saurare. Ka zauna a ƙasa kusa da kejin, kada ka tsaya a kansu, domin inuwar da ta faɗo daga sama shaho take tuna musu. Minti goma ya isa.

Duk sautin da ka ji, ka rubuta abu uku: me ya faru kafinsa, wa ya yi shi, kuma yaya jikinsa yake. A kwance yake ya miƙe ƙafa, ko a tsaye ya ƙame? Gashin ƙeyarsa ya tashi? Yana tafiya ko ya tsaya cak? Idan sautin baƙo ne, ka ɗauki bidiyo maimakon murya zalla, tunda jikin ne rabin bayanin. A wannan makon kuma ka auna kowanne a sikeli ka rubuta. Babba yakan kai gram 700 zuwa 1,200, maza sun fi nauyi. Daga nan sai awo sau ɗaya a mako, a rana ɗaya, kafin cin safe.

3. Fiton neman abinci

Wannan shi ne wanda kowa ya fara sani: "wiik, wiik, wiik", siriri, mai ƙarfi, yana hawa sama, a jere ba hutu. Za ka ga dabbar ta rugo bakin keji, ta ɗaga kai, hanci yana motsi, wani lokaci har kunnuwa suna rawa saboda ƙarfin fiton. Ma'anarsa ɗoki ne, kuma galibi kai ake yi wa. Suna da saurin haɗa sauti da abinci, shi ya sa ƙarar leda, ko saran wuƙa a kan katako, ko takun wanda ya saba ba su ci, ya isa ya tayar da gidan gaba ɗaya.

Abin yi: ka duba ruwa da ciyawa tukuna. Idan akwai, kuma lokacin ganye bai yi ba, ka yi musu magana ka wuce.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne a miƙa karas ko dusa duk lokacin da suka yi fito. Cikin 'yan kwanaki za su gane cewa fito yana biya, sai su ƙi ciyawa su jira kayan daɗi. Alhali ciyawa ce ke goge musu haƙora, waɗanda ba sa daina tsiro har mutuwa, kuma ita ce ke riƙe cikinsu. Busasshiyar ciyawa mai tsabta kada ta yanke a keji dare da rana. Ɗanyen ganye sau ɗaya ko biyu a yini, tare da yankan tattasai marar yaji, saboda jikinsu ba ya haɗa sinadarin bitamin C da kansa, sai sun ci.

4. Guna-gunin yawo

Idan ka sake su a ɗaki ko ka zuba sabuwar ciyawa, za ka ji ƙananan sautuka a jere, "cuk, cuk, cuk", ƙasa-ƙasa, suna tafe suna shinshine-shinshine. Hankali kwance ke nan. Sau da yawa yakan zo da wani tsalle na ba-zata, musamman ga ƙanana: dabbar ta daka tsalle sama, ta murɗa jiki, ta dira ta ruga. Masu sabon kiwo kan tsorata su ce farfaɗiya ce. Murna ce. Mai farfaɗiya faɗuwa yake a gefe yana shure-shure, ba ya tashi ya ci gaba da cin ciyawa nan take.

5. Gurnani: a nan ake ruɗewa

Ka dakata a wannan mataki, domin gurnaninsu kala uku ne kuma a kunnen baƙo duk ɗaya suke. Dukkansu suna kama da waya da aka sa a girgiza aka aje kan tebur. Tsayinsa da yanayin jiki ne za su raba maka.

Na farko, na jin daɗi. Mai taushi ne, a ƙasa, yana ɗan jan lokaci. Kana shafa shi a cinyarka, ka ji jikinsa ya saki, ya baje, ido ya lumshe rabi, wataƙila ya miƙe ƙafar baya. Ci gaba da abin da kake yi.

Na biyu, na gundura. Ya fi na farko kaifi, yana ɗan hawa a ƙarshe, kuma jikin a ƙame yake, har kana jin karkarwa a tafin hannunka. Yakan ture hannunka da kai, ko ya yi ta mutsu-mutsu. Mutane da yawa suna jin wannan su ce ai daɗi yake ji, su ƙara shafawa, musamman a gindin baya ko a saɓa wa kwanciyar gashi, wuraren da yawancinsu ba sa so. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauke hannunka. Idan gurnanin ya tsaya kuma ya matsa gefe, ka sami amsa. Idan ka daɗe da shi a hannu, mai yiwuwa fitsari ne ya matse shi, ka mayar da shi keji kafin ya nuna maka a riga.

Akwai ɗan'uwan wannan, gajere ƙwarai, "drr" sau ɗaya, tare da sandarewa da zaro ido. Firgita ce. Ƙarar waya, faɗuwar kwano, tashin janareto, ko giftawar kyanwa. Ka nemo abin da ya jawo. Idan kullum ne a wuri ɗaya, ka sauya wa kejin mazauni.

Na uku, na taƙama. Ya fi duka kauri da zurfi, kuma ba a kwance ake yin sa ba. Dabbar tana tafiya a hankali, ƙafafu a ƙage, tana rangaji da ƙugu hagu da dama, tana zagaya ɗan'uwanta. Namiji yana yi wa mace idan yana neman barbara. Maza biyu suna yi wa juna don a san babba. Mata ma suna yi, musamman idan ɗaya tana cikin kwanakin neman namiji, wanda ke zagayowa kusan duk kwana 16. Yakan zo da hawan juna, ko da jinsinsu ɗaya, da ɗaga haɓa kowa yana son tasa ta fi tsawo.

Gargaɗi: kada ka raba su don gurnanin taƙama ko hawan juna. Ta haka suke tsara zamansu, kuma duk lokacin da ka raba ka sake haɗawa, daga farko za su faro rigimar. Ka sa ido kawai, ka wuce mataki na gaba don sanin inda iyakar take.

6. Kaɗa haƙora da huci

"Kat-kat-kat-kat" da sauri, haƙora suna bugun juna. Ba sanyi ba ne, ko da a tsakiyar hunturu ka ji shi. Kashedi ne: matsa ko in cije ka. Idan a hankali ne kuma na ɗan lokaci, ƙaramin fushi ne, kamar wanda ya ƙagu a ba shi ganye ko aka tsare masa hanya. Idan ya yi ƙarfi, sai ka ga sauran alamun sun biyo: gashin wuya ya miƙe, ana buɗe baki kamar hamma don nuna haƙora, ana huci, ana fuskantar juna kai a sama.

Ga jerin abin yi. Da farko ka watsa ciyawa ko ganye wuri biyu nesa da juna, sau da yawa ci yana kashe maganar. Idan bai yi ba, ka zura kwalin nan a tsakaninsu su daina ganin juna na 'yan mintuna. Idan suka riga suka cakume suna birgima, ka jefa musu tawul ka ɗauke ɗaya a cikinsa. Sannan ka duba jikin kowanne, ka buɗa gashin baya, ƙeya, kunne da leɓe. Babu jini, a mayar da su bayan sun huce, a ƙara maɓoya da kwanon ci na biyu. Akwai rauni mai jini, a raba musu keji, a sa raga a tsakani yadda za su ji ƙamshin juna ba tare da sun kai ga juna ba.

Gargaɗi: kada ka sa hannu tsirara a tsakanin masu faɗa. Dabbar da ba ta taɓa cizonka ba za ta huda maka yatsa a wannan lokaci ba tare da ta san kai ne ba. Maza masu tasowa, daga wata uku zuwa kusan shekara, su ne suka fi wannan rigima, kuma kawo mace kusa da kejin maza biyu tsokana ce.

Ka bambanta wannan da niƙar haƙora, wadda take a hankali, "gurus, gurus", babu abokin faɗa, dabbar a takure gashi a hargitse. Wannan ciwo ne. Idan ka ga haɓa a jiƙe da miyau, ko yana ɗaukar abinci yana yarwa, turamen haƙoransa ne ake zargi, kuma ba a iya ganinsu sai da kayan likita.

7. Ƙorafi da ƙara

Ƙorafi tsuwa ce mai ja, tana hawa tana sauka, ba ƙarfi sosai. Za ka ji ta idan wani ya takura wa wani a maɓoya, ko mace tana korar namijin da ya dame ta. Na ƙasa a garke yakan yi ta da ƙarfi idan babba ya tunkaro shi, har ka ɗauka ana yanka shi, alhali ko taɓa shi ba a yi ba. Sallamawa yake yi, kuma hakan ne ke hana faɗa. Ka leƙa ka tabbatar, ka ƙyale.

Ƙara kuwa ba ta ɓuya. Guda ce, mai tsini, mai huda kunne. Tsoro ne mai tsanani ko zafi, kuma duk abin da kake yi ka aje ka je. Ka duba ko ƙafa ta maƙale a raga, ko an cije shi, ko yaro ya matse shi, ko muzuru ko gafiya sun zo bakin keji.

Wurare biyu ne ƙara ke nuna cuta kai tsaye. Idan yana ƙara ko tsuwa lokacin fitsari ko kashi, yana gantsarewa, ka shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashinsa ka duba ko akwai jini. Tsakuwar mafitsara ta zama ruwan dare a wannan dabba, kuma abinci mai yawan sinadarin kalsiyam yana taimaka mata, don haka kada harawa ta zama ita ce abincin babba na kullum. Na biyu, idan yana ƙara da zarar an taɓa bayansa, ga yawan susa, gashi yana zuba, fata ta yi ɓawo, ƙananan ƙwari ne masu shiga cikin fata waɗanda ido ba ya gani. Suna da magani a wurin likita. Kada ka yi masa wanka da sabulu ko ka shafa masa maganin ƙwarin gona ko kalanzir, azaba za ka ƙara masa.

8. Uwa, 'ya'ya, da kukan tsuntsu

Ciki yana ɗaukar kwana 59 zuwa 72, kuma 'ya'yan suna fitowa da gashinsu, ido a buɗe, suna tafiya a ranar. Uwa tana yi musu wani lallausan "kuu, kuu" tana lasarsu. Ɗan da ya ɓace wa uwarsa yana fito mai kama da na neman abinci, amma ba ya tsayawa sai an mayar da shi.

Gargaɗi: idan ka ji namiji ya dawo da gurnanin taƙama a ranar haihuwa, ka makara da cire shi. Mace tana iya ɗaukar wani cikin sa'o'i kaɗan bayan ta haihu, don haka a fitar da shi tun ciki ya tsufa. 'Ya'ya maza ma a ware su daga uwa da 'yan'uwa mata idan sun cika mako uku. Da ka ji ɗan ƙarami ya fara gwada gurnani yana rangaji, lokaci ya yi.

Akwai wani sauti da ba kowa ke dacewa da jin sa ba: "cip, cip, cip" a jere, sak na tsuntsu, galibi da dare. Mai yin sa yakan tsaya cak yana kallon wuri ɗaya, sauran kuma su yi tsit. Ka haska fitila ka duba ko wani abu ya shigo. Idan babu, kuma da safe ya ci abincinsa, ba abin damuwa ba ne.

9. Sautin da ba murya ba ne

Wannan mataki ya fi duk na baya muhimmanci ga ran dabbar. Numfashin mai lafiya ba a jin sa. Ka ɗauke shi a wuri shiru, ka kara kunnenka a gefen ƙirjinsa. Idan kana jin ƙas-ƙas, ko shaƙa mai fito, ko wani "huu, huu" da ke bin kowane numfashi, daga huhu ko hanci yake fitowa. Abin da zai tabbatar maka shi ne sautin yana tafiya daidai da shiga da fitar iska, ba ruwansa da abinci ko abokin zama.

Atishawa ɗaya ko biyu bayan an zuba ciyawa mai ƙura ba komai ba ce, haka ɗan tari idan ya haɗiye da gaggawa. Amma atishawa a kai a kai, da majina, da kwantsa a ido, da rashin ci, ciwon huhu ne har sai likita ya ce ba shi ba, kuma yana kashe su cikin kwana kaɗan. Numfashi da baki a buɗe kuwa na gaggawa ne a wannan sa'ar.

Abubuwa uku ke jawo ciwon numfashi a gidajenmu. Garin katako mai laushi da ake shimfiɗa musu, da warin fitsari a kejin da ba a sharewa. Ƙurar hunturu da iskar dare, don haka a rufe gefen da iska ke bugowa da buhu, a bar sama a buɗe. Sai haɗa su keji ɗaya da zomaye, wanda mutane ke yi don sauƙi: zomo yana iya ɗauke da ƙwayar cutar numfashi ba ta dame shi ba, ta kwantar da ɓeran Masar, ban da harbin ƙafa.

A bazara kuma zafi ne abokin gaba. Sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, kuma da zarar an haura 30 suna cikin haɗari. Wanda ya baje yana haki, miyau yana zuba, ka kai shi inuwa, ka shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a kunnuwa da ƙafafu, kada ka tsoma shi a ruwan ƙanƙara. Kejin da ke ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu a sauya masa wuri, a riƙa aje gorar ruwa mai sanyi naɗe da ƙyalle su jingina.

Gargaɗi: kada ka buɗe kafson mutane ka ba shi. Magungunan dangin fenisilin, irin su amoxicillin da ampicillin, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, su jawo gudawa mai kisa. Ko a kantin maganin dabbobi, ka faɗa musu ɓeran Masar ne, domin abin da ya dace da kaza ko akuya ba lallai ya dace da shi ba.

10. Idan mai surutu ya yi shiru

Dabbar nan tana ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinta, shi ya sa littafinka na mataki na biyu yake da amfani. Wanda kullum shi ke fara fito idan ka taɓa leda, yau ka taɓa bai fito daga maɓoya ba, kada ka ce ƙiwa ce. Ka miƙa masa abin da ya fi so. Ka duba ƙasan keji ko kashinsa ya ragu, ya ƙanƙance, ko babu. Ka ɗora shi a sikeli: raguwar gram 50 a mako ta isa ka sa ido sosai, gram 100 kuwa sai likita. Idan ya kai sa'a 12 bai ci komai ba, kada ka jira gobe, saboda hanjinsa tsayawa yake idan babu abin da ke wucewa, kuma tayar da shi aiki ne.

Ka sa shi a kwali mai huji da ciyawa a ciki, ka guji barinsa a rana ko a but ɗin mota. Ka tafi da bidiyon sautin da ka ɗauka, da littafin awo, da bayanin abin da ya ci a kwana biyun da suka wuce. A gaban likita yawancinsu sandarewa suke su yi gum, don haka bidiyon ne zai nuna abin da ka ji a gida. Idan su biyu ne kuma likita bai ce a ware su ba, ka tafi da abokin zamansa a kwali ɗaya, ya fi saurin komawa ga ci idan yana ganin wani yana tauna a gefensa.